Dandamali Mai Tsayin Gwiwa: Kiɗan Fank a Ƙananan Gidajen Giya

A ƙarshen shekarar 1973 wani mutum mai suna Hilly Kristal ya buɗe mashaya a lamba 315 a titin Bowery da ke birnin New York. Unguwar a wancan lokaci ta marasa galihu ce da waɗanda kwalba ta gama da su. A saman shagon nasa ma akwai wani masauki mai arha, Palace Hotel, inda waɗanda duniya ta juya wa baya suke biyan 'yan sulalla su sami inda za su sa haƙarƙarinsu. Kristal ya raɗa wa wurin suna CBGB, wato haruffan farko na ire-iren kiɗan gargajiyar Amurka da yake fatan kawowa. Masu wannan kiɗa ba su zo ba. Waɗanda suka zo wasu ramammun samari ne masu kiran ƙungiyarsu Television, suna neman inda za su yi wasa ruwa a jallo, domin zauren Mercer Arts Center da ke karɓar irinsu ya rufta a watan Agusta na wannan shekarar, sauran gidajen rawa kuma ba sa kallon makaɗin da ba shi da faifai a kasuwa. Kristal ya ba su daren Lahadi, daren da ciniki ya fi mutuwa. Ranar 31 ga Maris 1974 suka hau dandamalinsa.

Sharuɗɗan mai gidan biyu ne: makaɗa su ɗauko kayansu da kansu, kuma su rera waƙoƙin da suka ƙirƙira da kansu. Ana cewa lissafin kuɗi ne ya haifi sharaɗi na biyu, don kada a zo ana bin sa kuɗin haƙƙin mallakar waƙoƙin wasu. Ko ma mene ne dalilinsa, wannan sharaɗi ya mayar da mashayar makaranta. Ranar 16 ga Agusta 1974 wasu samari huɗu daga unguwar Forest Hills suka hau, sanye da rigunan fata da yagaggun wanduna, dukkansu sun ari suna ɗaya, Ramones. Mai jitar bes ya ƙirga ɗaya zuwa huɗu da ƙarfi, suka zuba waƙa, kafin mutane su gane me ake ciki ta ƙare, ya sake ƙirgawa. Wasansu gaba ɗaya bai cika wuce minti ashirin ba, har da gardamar da sukan tsaya su yi a gaban jama'a kan wace waƙa ce ta gaba. Bayansu Blondie da Patti Smith suka mayar da wurin gida, a watan Yuni 1975 kuma Talking Heads suka yi wasansu na farko a nan, suna share wa Ramones fage.

Kalmar da Turawa ke rubutawa punk, mu ce fank, asalinta zagi ce: ɗan iska, wanda ba a tsammanin wani abin kirki daga gare shi. Wata 'yar mujalla da ta fara fitowa a Janairu 1976 ta ɗauki kalmar a matsayin sunanta, daga nan ta manne wa kiɗan. Masu rubuta tarihinsa sukan fara da siffanta amo: jita mai tsawa, ganguna masu gudu, waƙar da ba ta wuce minti biyu, murya a shaƙe. Wasu kuma sukan fara da gashin da aka tsayar kamar zankon zakara da fil da aka soke a riga. Ni a ganina duk waɗannan ganye ne. Jijiyar fank tana cikin ƙaramin ɗakin da aka yi shi, da 'yar tazarar da ke tsakanin mai kiɗa da mai kallo. Wanda ya ji fank a faifai ko a waya ya ji labarin abin ne kawai. Na san da yawa daga masu karanta wannan ba su taɓa taka ƙofar gidan giya ba, ba ni kuma da niyyar ƙawata musu ita. Abin da ya ja ni shi ne yadda ɗaki mai warin tsami ya koya wa dubban matasa cewa su ma suna da baki, da kuma yadda daga cikin wannan ɗakin ne wasu suka tashi suka yi wa giyar kanta tawaye.

Sai an tuna abin da kiɗan rok ya zama a farkon shekarun 1970 kafin a gane darajar ƙaramin ɗaki. A 1973 ƙungiyar Led Zeppelin ta tara mutum fiye da 56,000 a filin wasa na Tampa. Wanda ya sayi tikitin baya, abin da zai hango bai wuce ɗan ɗigo mai motsi a ƙarƙashin fitilu ba. Kayan kiɗa sai an cika manyan motoci da su, mai jita kan shafe minti goma yana nuna gwanintar yatsunsa shi kaɗai. Yaron da ya kalli wannan yakan koma gida da sha'awa, amma da yaƙinin cewa wannan sana'a ba ta irinsa ba ce. A gefe guda kuma birnin New York yana durƙushewa. A 1975 saura ƙiris ya kasa biyan basussukansa, masu hali suna ƙaura zuwa bayan gari, gidaje suna zama kufai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Arhar haya ce ta ba matashin da ba shi da aikin kirki damar kama ɗaki a tsakiyar birni, ita ce kuma ta sa mai mashaya zai iya jure daren da mutum talatin kaɗai suka shigo.

Tsarin daren bai canja sosai ba daga wancan lokaci zuwa yau, ko a wane gari ne. A bakin ƙofa akwai wani a kan kujera da ɗan akwatin kuɗi, yana karɓar kuɗin shiga yana buga wa mutum hatimi a bayan hannu. Ɗakin yawanci dogo ne kuma siriri, kanta a gefe guda, bango a lulluɓe da takardun tallar wasannin da suka wuce, sabuwa a kan tsohuwa har sun yi kauri. Can ƙurya akwai dandamali, sau da yawa tsayinsa bai wuce gwiwa ba, wani wurin ma babu shi sam, sai dai a shimfiɗa tsohuwar darduma a ɗora ganguna. Ƙungiya uku ko huɗu ne za su yi wasa, kowace minti ashirin zuwa talatin. Galibi ganguna ɗaya suke amfani da su da amfilifaya ɗaya, kowane makaɗi ya zo da faifan tagullarsa da sandunansa, don kada a ɓata lokaci wajen sauke kaya da ɗorawa. Babu ɗakin da taurari ke ɓuya kafin a kira su. Wanda ya tsaya kusa da kai ɗazu yana gyaɗa kai, shi ne zai ajiye kofinsa ya ratsa jama'a ya rataya jita. In ya gama ya sauko jiƙe da gumi, ya koma bayan wani ɗan tebur yana sayar da riguna da faifan ƙungiyarsu, yana ba da canji da hannunsa.

Ƙarar kuwa ba a kunne kaɗai take tsayawa ba. A ɗaki mai ƙanƙantar rufi, bugun babbar ganga a ƙirji ake jin sa, amon bes yana bi ta tafin ƙafa. Kalmomin waƙa sau da yawa ba a rarrabe su, kuma wannan bai dami kowa ba, domin waɗanda suka haddace su suna gaba suna rerawa, mawaƙin kan miƙa musu makirfo su ƙarasa masa baiti. Wani lokaci ma sai a rasa shi a kan dandamali, can a hango wayar makirfo ta shige cikin taro. Tsirkiya kan tsinke a tsakiyar waƙa, sai wani daga ƙungiyar da ta sauka ya miƙo tasa jitar. Mai ganga kan yi gaba ya bar sauran, su tsaya, su yi dariya, su sake daga farko. A babban fili ana ɓoye irin wannan kuskure da fitilu da na'urori. A nan kuwa a gaban idonka ake yin sa, a gaban idonka ake gyara shi, kuma wannan ganin shi ne darasin. Mai kallo yana iya ƙirga yatsun mai jita, ya lura cewa riƙo uku ne kawai yake ta juyawa.

Rawar ma ɗakin ne ya ƙera ta. Inda mutane suka cunkushe babu filin juyi, sai tsalle sama da ƙasa kamar taɓarya a turmi. Wannan ita ce rawar fank ta Ingila a 1976. Da kiɗan ya ƙara gudu a Amurka a farkon shekarun 1980, sai ta koma turereniya da bangaje-bangaje a wata da'ira da ke buɗewa a gaban dandamali. Baƙon da ya leƙo zai rantse faɗa ake yi. Amma akwai ƙa'ida da kowa ya sani ba tare da an rubuta ta ba: duk wanda ya faɗi, hannuwa za su ɗaga shi nan take, wanda takalminsa ko tabaraunsa ya faɗi, za a ɗaga shi sama har mai shi ya gani, waɗanda suka tsaya a gefen da'irar su ne katanga, suna mayar da wanda ya taho da gudu cikin fili. Wannan amana ce tsakanin mutanen da ba su san sunan juna ba, kuma tana yiwuwa ne saboda ɗakin ƙarami ne, fuskar kowa a bayyane take, wanda ya yi mugunta yau gobe ma za a gan shi.

Babu inda aka ga amfanin wannan kusanci kamar Ingila. A 1975 hauhawar farashi a ƙasar ta haura kashi 20 cikin ɗari, marasa aikin yi sun wuce miliyan ɗaya. Tun kafin fank akwai makaɗa irin su Dr. Feelgood da ke zagaya gidajen giyar Landan kamar Hope and Anchor da Nashville, don haka hanya a share take. A Nashville ɗin ne a watan Afrilu 1976 Sex Pistols suka share wa wata ƙungiya mai suna 101ers fage. Mawaƙin wannan ƙungiya, Joe Strummer, ya tsaya ya kalle su, ba a daɗe ba ya bar mutanensa ya shiga The Clash. Ranar 4 ga Yuni 1976 wasu ɗalibai biyu, Howard Devoto da Pete Shelley, suka gayyato Sex Pistols zuwa wani ƙaramin zaure a Mancesta, Lesser Free Trade Hall. Waɗanda suka halarta ba su wuce kimanin arba'in ba. A cikinsu akwai Peter Hook da Bernard Sumner waɗanda suka kafa Joy Division, akwai Morrissey wanda daga baya ya jagoranci The Smiths. Hook ya sha ba da labarin cewa washegari ya je ya sayi jitar bes, alhali bai taɓa riƙe ta ba. Wata ɗaya bayan haka, ranar 3 ga Yuli, wata budurwa 'yar shekara 19, mahaifinta ɗan Somaliya, ta kalli Sex Pistols a garin Hastings. Ta fito ta sa talla a jarida tana neman makaɗa, ta kira kanta Poly Styrene, ƙungiyarta kuma X-Ray Spex.

Abin lura shi ne babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya ce gwanintar Sex Pistols ce ta burge shi. Abin da suka gani shi ne sa'o'insu, da kaya irin nasu, suna yin abin da aka ce sai ƙwararru. A bikin fank na kwana biyu da aka yi a 100 Club a titin Oxford, 20 da 21 ga Satumba 1976, Siouxsie Sioux ta hau dandamali da ƙungiyar da aka harhaɗa cikin gaggawa, ba su da waƙa ko ɗaya, suka shafe kusan minti ashirin suna ƙirƙira nan take. Wata 'yar mujalla mai suna Sideburns ta buga zanen riƙon jita guda uku a farkon 1977, ta ce wa mai karatu ya je ya kafa ƙungiyarsa. A wannan lokacin ne Buzzcocks, ƙungiyar su Devoto, suka ranto kimanin fam 500 daga dangi da abokai suka buga faifansu Spiral Scratch ba tare da wani kamfani ba. Duka abu ɗaya ne ke yaɗuwa: daga dandamali ya koma mujalla, ya koma faifai. A mashayar Roxy da ke Covent Garden, wadda zamaninta na farko bai wuce kwana ɗari ba, faifan fank ba su da yawa da za a cike tazarar da ke tsakanin ƙungiyoyi, sai mai sa faifai Don Letts, ɗan asalin Jamaika, ya riƙa sa musu rege. Da yawa daga fararen matasan nan a wurinsa suka fara jin wannan kiɗa da kyau, kuma an ji tasirinsa a waƙoƙin The Clash da The Slits.

Kusancin nan yana da nasa sharri, kuma bai kamata masoyin wannan al'ada ya rufe ido a kai ba. A dare na biyu na bikin 100 Club an jefa kofin gilashi, ya fashe a jikin ginshiƙi, ɓaraguzansa suka lalata idon wata budurwa. Wani ɗan fank mai suna Sid Vicious aka kama a kan haka. A 1977 tofa wa makaɗa yawu ya zama ado a Ingila, ƙazanta ce da makaɗan kansu suka tsana. Wasu daga 'yan farko sun ɗaura alamar 'yan Nazi a damtse don kawai su ɓata wa iyayensu rai, ba su yi tunanin Bayahude ko baƙar fatar da ke tsaye a ɗakin ba, kuma ba a jima ba 'yan wariyar launin fata na gaske suka fara cika wasu wasannin. Amsar da aka ba su ita ce gangamin Rock Against Racism, wanda ya tara dubban mutane a Victoria Park ranar 30 ga Afrilu 1978. Haka nan da'irar turereniya da na yaba, a shekarun 1980 ta zama filin ƙarti majiya ƙarfi, mata suka koma jikin bango suna riƙe wa samari riguna. Sai da ƙungiyar Bikini Kill ta taso daga garin Olympia a 1990, mawaƙiyarta Kathleen Hanna ta riƙa tsayar da kiɗa tana kiran mata su matso gaba, maza su ja baya. Ta sha zagi a kan haka. Amma abin da ta yi fank ne tsantsa, domin ta fahimci cewa a wannan al'ada tambayar wa ke tsaye kusa da dandamali ita ce tambayar wa zai hau shi gobe.

Babban kullin kuwa shi ne giyar kanta. Yarjejeniyar da Kristal ya ƙulla da Television ita ce ginshiƙin sana'ar har yau: makaɗa su kawo jama'a, su ɗauki kuɗin ƙofa ko wani kaso nasa, mai gida ya ci ribarsa a kanta. Ma'ana, kiɗan yana raye ne a kan ƙishirwar masu kallo. Amma kiɗan matasa ne, kuma doka ta hana sayar wa yara giya. A Amurka tun bayan dokar 1984 sai mai shekara 21. Ke nan waɗanda suka fi buƙatar ganin dandamalin su ne ake tsayarwa a ƙofa.

A 1980 wasu yaran birnin Washintan masu ƙungiya mai suna Teen Idles suka yi tattaki zuwa Kalifoniya. A San Francisco za su yi wasa a Mabuhay Gardens, wani gidan abincin 'yan Filifin da ya zama matattarar fank. Da masu wurin suka ga shekarun makaɗan ba su kai ba, maimakon su kore su sai suka zana musu babban gicciyen X a bayan hannu da baƙin alƙalami, don mai kanta ya san ba za a ba su giya ba. Yaran suka dawo gida da wannan dabara, suka roƙi gidajen rawar garinsu, har da 9:30 Club, su bar ƙananan yara su shiga da wannan sharaɗi. Hannu mai X ne a bangon faifansu, wanda suka buga da dala 600 da suka tara daga wasanni, shi ne kuma faifai na farko na kamfanin Dischord da biyu daga cikinsu, Ian MacKaye da Jeff Nelson, suka kafa. A 1981 sabuwar ƙungiyarsu, Minor Threat, ta fitar da wata waƙa da ba ta kai minti ɗaya ba mai suna Straight Edge, inda MacKaye ya bayyana cewa shi ba ya sha, ba ya busawa, ba ya buƙatar abin da zai gusar masa da hankali. Sunan waƙar ya zama sunan tafiya guda. Alamar da aka ƙirƙira don a ware yara, sai ga baligai suna zana wa kansu ita da alfahari kafin su shiga mashaya.

Wannan shi ne ɓangaren tarihin da ya fi taɓa ni. Yaron da ya tashi yana ganin abin da kwalba da allura suka yi wa na gaba da shi, Sid Vicious ma ƙwaya ce ta kashe shi a Fabrairu 1979 yana da shekara 21, ya duba ya ga cewa buguwa ba tawaye ba ce, ita ce ma abin da kowa ke yi. Babu malami ko ɗan sanda da ya sa shi. A cikin hayaniyar ɗakin ya yanke wa kansa hukunci. Daga baya wasu mabiya tafiyar a Boston da Salt Lake City sun mayar da ita dalilin dukan mutane, abin da MacKaye ya nesanta kansa da shi. Shi dai ya ci gaba da bin zaren ta wata hanya. Ƙungiyarsa ta gaba, Fugazi, wadda ta fara wasa a 1987, ta yi wasanni fiye da dubu, kuma ta dage kan abu biyu: a bar kowa ya shiga komai shekarunsa, kuɗin ƙofa kuma ya tsaya a kusan dala biyar. In wani ya fara cin zali a gaba, MacKaye kan tsayar da waƙa, ya yi masa magana cikin ladabi, in ya ƙi ji a miƙa masa dalarsa biyar a raka shi waje.

A Berkeley kuwa an kai abin ƙarshensa, aka cire kantar gaba ɗaya. Daren ƙarshe na 1986 aka buɗe wani zaure a lamba 924 a titin Gilman, da jagorancin Tim Yohannan na mujallar Maximum Rocknroll. 'Yan sa-kai ke tafiyar da shi, mai shiga yana sayen katin zama mamba, dokokin kuma a rubuce suke a bakin ƙofa: ba giya, ba ƙwaya, ba faɗa, ba wariyar launin fata. Akwai kuma dokar da ta hana ƙungiyoyin manyan kamfanonin faifai yin wasa a wurin. A nan Green Day suka girma. Da suka sa hannu da kamfanin Reprise a 1993, ƙofar Gilman ta rufe musu, faifansu Dookie na 1994 ya sayar da miliyoyi, ba su sake yin wasa a hukumance a wurin ba sai 2015. Mutane da yawa suna ganin wannan hassada ce aka yi wa ado da aƙida, kuma ba na musun cewa akwai masu hassadar. Amma dokar tana da hujja. Ɗakin da ke ɗaukar 'yan ɗaruruwa, in taurari suka fara zuwa, yaran unguwa da suka kafa ƙungiya watan jiya ba za su sake samun dare ba.

Inda babu mashayar da za ta karɓe su, 'yan fank sun nemi wani ɗakin. A Jamus ta Gabas, inda hukuma ba ta ba su lasisin wasa, majami'u ne suka buɗe musu ƙofa. A Johannesburg a 1978, lokacin da dokar wariya ta hana baƙi da farare cuɗanya, Ivan Kadey da 'yan'uwa biyu daga Soweto, Gary da Punka Khoza, suka kafa National Wake. Tsayuwarsu tare a dandamali ɗaya kaɗai ta isa ta jawo musu idon 'yan sanda, faifansu na 1981 kuma bai daɗe a kasuwa ba. A Banda Aceh ta Indonesiya, a Disamba 2011, an kama matasa fiye da sittin a wurin wasan fank, aka aske musu kai aka tsare su kwanaki a makarantar 'yan sanda.

A ƙasashen da aka haifi kiɗan kuwa, kuɗin haya ne ke cinye ɗakunan. Unguwar Bowery ta farfaɗo, masu kuɗi suka dawo, hayar CBGB ta kai dala 19,000 a wata. A 2005 rigima ta tashi tsakanin Kristal da masu ba shi haya kan bashin da suka ce suna bin sa. Su kuma ba wasu azzaluman attajirai ba ne, ƙungiya ce mai kula da marasa matsuguni, Bowery Residents' Committee, masu hidima ga irin mutanen da ke kwana a saman mashayar tun farko. Kotu ta ba Kristal gaskiya a kan bashin, amma wa'adin hayarsa ya ƙare ba a sabunta ba. Ranar 15 ga Oktoba 2006 Patti Smith ta yi wasa na ƙarshe, ta rufe da karanta sunayen makaɗan wurin da suka riga mu gidan gaskiya. Kristal ya rasu a Agusta 2007. A 2008 shagon ya koma wurin sayar da tufafi masu tsada na John Varvatos. Rumfar ƙofar tana gidan tarihin rok a Cleveland, a 2013 babban gidan tarihi na Metropolitan ya gina kwaikwayon banɗakin CBGB don masu kallo, an kuma buɗe gidan abinci mai wannan suna a filin jirgin sama na Newark. Wannan yana ba ni takaici. An adana bango da rumfa da suna, an bar abu ɗaya tilo da ya ba su daraja, wato daren Lahadin da mai gida zai iya bai wa yaran da ba wanda ya sani.

A Birtaniya ƙungiyar Music Venue Trust, wadda aka kafa a 2014 don kare ƙananan wuraren kiɗa, ta ƙirga wurare 125 da suka rufe ko suka daina karɓar makaɗa a 2023 kaɗai, a daidai lokacin da manyan filaye ke cika maƙil da tikiti masu tsada. Haya ta hau, kuɗin wuta ya hau, sababbin maƙwabta suna kai ƙarar hayaniya, matasan yanzu kuma ba sa sha kamar iyayensu, don haka kantar da ke ɗauke da dandamali ta fara gazawa. Mafitar da suka fara gwadawa ita ce tara kuɗi daga jama'a a sayi ginin kansa. Na farko da suka saya a 2023 wani ɗan wuri ne mai suna The Snug a garin Atherton kusa da Mancesta. Zauren Gilman kuwa, wanda bai taɓa dogara da cinikin giya ba, yana nan a buɗe. Mambobi ne ke zama su yanke shawarar wa zai yi wasa, kuma yaron da ba shi da kuɗin ƙofa yana iya zuwa da wuri, ya karɓi aikin tsaron ƙofar gefe ko shara, a bar shi ya shiga ya tsaya gaba.